Awa Uku Gaba da Kowa

Ranar da mai kantin layinmu ya dawo daga ganin jikansa, ko jaka bai gama saukewa ba ya sanar cewa ya gano abin da ya hana garinmu ci gaba.

"Ba talauci ba ne," in ji shi. "Ba kuma gwamnati ba ce. Agogo ne."

Ɗansa na fari, wanda kowa ke kira Babba, yana aiki a wani gari mai nisa ta gabas, inda sai an hau jirgin sama, an sauka, an kuma hau mota. Can ya yi aure, can aka yi masa haihuwa, shi ne uban ya je ya yi 'yan makonni. Garin a kan dutse yake kamar namu. Ga sanyi, ga hawa da gangara, ga gajimare da ke saukowa har bakin ƙofa. Wanda ya ga hotunan da ya dawo da su zai rantse a bayan kasuwarmu aka ɗauke su. Shi dai mai kanti bai ga kama ko ɗaya ba.

Washegari da safe ya fito cikin wata kwat mai gashi a wuya da ya sayo a can, ya nufi bencin da ke ƙofar shagon tela.

A kan bencin nan aka yi duk abin da aka yi. Dogo ne, yana ɗaukar dattawan layi duka in sun matsu. Sanyin safiyar garinmu ba ya wasa da kowa, kuma saboda dogon ginin da ke tsallaken titi, hantsi kan fara sauka ne a ƙarshen bencin na dama, sai can daga baya ya rarrafa zuwa ɗaya ƙarshen. Gurbin dama na shugaban layi ne, wanda ke raba faɗa a bakin famfo, ya tara maza in kwata ta toshe. Tsohon shugabanmu ya koma wurin 'ya'yansa, gurbin ya zama ba mai shi. Mutum biyu ke sonsa, tela da mai kanti, abokai tun suna yawo ba takalmi. Kowannensu ya ce shi ba ya neman mulki, kuma kowannensu kan yi sammako don ya zauna dab da gurbin, gwiwa ɗaya a cikin rana.

"Kun san ƙarfe nawa yanzu a can?" mai kanti ya tambaya.

"A ina?" in ji mai aski.

"A can mana, inda Babba yake. Ku nan kuna hamma ƙarfe takwas, su sha ɗaya ta yi musu. Sun karya, sun buɗe kasuwa, sun yi ciniki, wasu har sun ɗora tukunyar rana. Awa uku suka ba mu, kullum ta Allah. Ka tara wannan tun daga zamanin kakanni ka ga shekara nawa suka tsere mana."

Tela ya ciza zare ya tofar. "In sun riga mu wayewar gari, ai sun riga mu dare."

"Wannan maganar wanda bai taɓa hawa jirgi ba ce."

"Ban hau ba. Amma rana ɗaya ce, ko tasu daban aka yi musu?"

"Ɗaya ce, sai dai su ke fara amfani da ita. Mu sai ta gaji take isowa. Ragowa muke samu."

Daga ranar ba abin da ya tsira. In aka ce yau da sanyi, sai ya ce a can ya fi haka, amma mai tarbiyya ne, ba ya shiga ƙashi. In mota ta kasa hawan makaranta, ya ce hawan can ya ninka wannan, kuma tsofaffi ke hawansa da buhu a ka suna hira. Dankalin can ba ya tsutsa. Akuyar can in ta zo ƙofar kanti tsayawa take yi. Ko dutsen da ake tokare tayar mota da shi kada ta gangara, ya ce nasu sassaƙaƙƙe ne. Ba a jima ba sunansa ya ɓace, manya da yara sai Baba A-Can. Ya ji, ya kuma ji daɗi, don a ganinsa sarauta aka ba shi.

Shirinsa ba wuya. Tunda ba za a iya ɗauke gari a kai gabas ba, sai a ɗauko agogon gabas a kawo gari. Ya fara da gidansa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su, kuma katangar ba ta riƙe sirri.

"Maman Babba, daga yau gidan nan ya daina bin lokacin garin nan."

"To lokacin wa zai bi, Malam?"

"Na ci gaba. Miƙo min agogon bango."

Ya murza shi awa uku gaba, ya murza na hannunsa, ya murza ƙaramin da ke kan firji. Salla kaɗai ya bari inda take, don ya san a nan ba za a yi masa shiru ba.

"Abincin rana ƙarfe ɗaya, kamar kullum," in ji shi.

"Ɗayan wa?"

"Ɗayan agogo."

Haka ya riƙa neman abincin rana tun ba ta dawo daga cefane ba, na dare kuma rana na tsaye a kan katanga. Yana idar da salla ta ƙarshe sai ya ja bargo, yara na ta wasa a titi. Kantin kuwa yana buɗe shi a lokacin da karnuka kaɗai ke yawo, ya zauna cikin kwat yana jiran masu saye, ya kuma rufe daidai lokacin da mutane ke tasowa daga aiki suna neman sukari da sabulu. In aka buga, sai ya leƙo ta taga.

"An tashi. A can yanzu kowa ya rufe."

"Baba, ai mu a nan muke."

"Shi ya sa kuke inda kuke."

Dole mata suka koma gangarawa ƙasan layi wurin wata mai tebur, su hawo da kaya suna haki, suna yi masa addu'ar da ba zan maimaita ba.

Wayarsa ce ta fara yi masa tawaye. Ya gyara mata lokaci, ya sa a aljihu, ya ciro ya tarar ta koma na gari. Ya sake gyarawa, ta sake komawa. Ya kai ta wurin mai gyara ya aje a kan tebur.

"Wayar nan 'yar garin nan ce, ba ta son ci gaba. Ka ɗaure min ita."

Aka ɗaure ta. Sai zakara. Maman Babba ta faɗa mana a bakin famfo, muryarta ƙasa-ƙasa, cewa Malam ya tsiri haska tocila a akurki don zakaran ya koyi cara da wuri. Zakaran ya rikice. Ya daina caran asuba gaba ɗaya, ya koma yi da tsakar rana, yana yi yana waige-waige kamar mai neman wanda zai tambaya.

A duk layin mutum ɗaya ya bi shi, mai aski, shi ma don an yi masa alkawarin zama kusa da gurbin hantsi in mulki ya samu. Ranar farko ya buɗe shago gari bai gama wayewa ba, ga shi an ɗauke wuta, ga barci a idonsa. A-Can ya zauna a kujera don ya nuna misali, ya ce a ɗan rage masa gefe. Da suka fito haske, rabin gashin bakinsa na dama babu shi.

Dattawan benci suka dube shi. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"A can haka ake barinsa," in ji A-Can, yana shafa wurin.

"Na gane," in ji tela. "Na dama ya riga na hagu tafiya ne. Nan da awa uku shi ma zai bi."

Mai aski ya koma lokacin gari a ranar. A-Can kuwa, da yake ya riga ya faɗa a gaban jama'a, ba halin aske ɗaya ɓangaren. Haka ya ci gaba da yawo da rabin gashin baki kamar ƙofar da aka buɗe gefe ɗaya.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Babba zai kawo matarsa da jariri gida, kuma uban matar zai biyo su ya rama ziyara. A-Can ya iso benci yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar gwamna.

"Gani ya kori ji. Surukina na tafe. Mutumin da ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa har ya yi ritaya bai taɓa makara ba. A can in agogo ya saɓa da shi, agogon ake kaiwa gyara. Ku tambaye shi da bakinku. In ya ce lokacin can ya fi, layin nan duka ya koma agogona, gurbin nan kuma nawa ne."

"In bai ce ba fa?" in ji tela.

"Ka zauna, ni in koma can ƙarshe, cikin inuwa."

"Kowa ya ji?"

Kowa ya ce ya ji. Tela ya ci gaba da taka kekensa. "Rana ba ta ƙarya," in ji shi, ya bar sauran a cikinsa.

Da surukin ya kira, A-Can ya buɗe muryar wayar yadda har mu maƙwabta za mu amfana.

"Ranar Asabar in Allah ya yarda," in ji muryar. "Ƙarfe huɗu na yamma muna tasharku."

"Huɗu cif?"

"Cif."

Aka yi sallama. Sai muka ji Maman Babba.

"Malam, huɗun wa yake nufi? Tamu ko tasu?"

"Ke ma dai. Mutum irin wannan zai yi magana da agogon 'yan baya? Huɗun can. In kin cire uku, ɗayan ranarku ke nan."

"Da ka kira Babba ka tabbatar."

"In tambayi ɗan da na haifa ƙarfe nawa? Ni da na kawo wa garin nan lokaci?"

Motocin da ke zuwa daga ƙasa ba sa hawa layukanmu, a tashar bakin gari suke sauke kowa. Nan A-Can ya shirya tarba. Ya kama rumfa da kujerun roba da lasifika. Mu mata tun safe muke taya Maman Babba girki, tukwanen shinkafa da kaji, aka jera su a bayan rumfa da akwatunan lemo. Tela da kansa ya ɗinka ƙyallen maraba, ya ce ba ya so a ce hassada ta hana shi. A-Can ya ciro agogon bangon gidansa ya rataye a sandar rumfa, don baƙi na sauka su ga sun zo gida. Tun kafin azahar layinmu duka yana tasha, kowa cikin kayansa na fita.

Agogon sanda na buga huɗu wata mota ta kunno kai daga kwana. A-Can ya gyara wuyan kwat, ya ɗauki makirufo.

"Kun gani? Cif. Ya ku jama'a, yau gabas ta zo yamma..."

Motar ta tsaya. 'Yan kasuwar dankali suka sauko ɗaya bayan ɗaya, da wata tsohuwa riƙe da agwagwa. Tsohuwar ta dubi rumfa, ta dubi ƙyalle, ta ce ta gode, amma ba ta san an san da zuwanta ba.

"Hanya ce," in ji A-Can. "Hanyarmu ce ta ɓata masa lissafi. A can kwalta har ƙofar ɗaki."

Aka gwada kiran Babba, wayar ba ta shiga, don hanyar dutse haka take, sai an kusa gari. Aka zauna. Can wata ƙara ta taso, A-Can ya miƙe.

"Ya ku jama'a, yau gabas ta zo..."

Tankar ruwa ce. Direban ya ɗaga masa hannu.

Ƙanshin kaji ya fara yawo a ƙarƙashin rumfa. Yara suka daina wasa suka koma zama kusa da tukwane. Dattawa suka fara hamma mai sauti. Tela ya miƙe ya je ya tsaya gaban agogon sanda, hannu a baya, kamar mai duba mara lafiya.

"A-Can, ƙarfe nawa nan?"

"Ba ka iya karatu ba? Biyar da rabi."

"To a can, mutanen kirki kan kai biyar da rabi ba su ci na rana ba?"

"Ko kusa. A can ciki ma da tsari yake."

"Ka ga ke nan muna ja wa layinmu abin kunya. Baƙi su sauko su tarar da mu da yunwar 'yan baya."

A-Can ya juya ya dubi tukwane. Ya ce a buɗe tukunya ɗaya, a ɗanɗana gishiri kawai. Aka ɗanɗana gishirin tukunyar farko har ƙasa. Mai aski ya ce a ganinsa ta biyu ta fi gishiri, ya kamata a bincika. 'Yan dankali da ba su sami motar komawa ba suka zo taya bincike, tsohuwa mai agwagwa ma aka zuba mata. Maman Babba ta tsaya rungume da murfin tukunya tana kallon kajinta suna tafiya cinya-cinya.

Sai gajimare ya sauko daga kan dutse, irin saukowar da yake yi ba sallama. Ruwa ya ɓarke. Aka cure a ƙarƙashin rumfa, rumfar ta fara tara ruwa a tsakiya, ta yi ciki kamar saniya mai shirin haihuwa.

"Kowa ya matsa," in ji A-Can. "Na ga yadda ake yi a can."

Ya ɗauki sanda ya tokari cikin rumfar daga ƙasa. Ruwan bai bi ta gefen da ya nufa ba. Ya biyo sandar, ya sauko masa a ka gaba ɗaya, ya haɗa da agogon bango. Gashin wuyan kwat ya kwanta kamar kyanwar da ta faɗa rijiya. Agogon ya yi 'yar ƙara ya tsaya.

Ba wanda ya yi dariya a fili. Mai aski dai ya fita cikin ruwan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

A-Can ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya fara zane a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ja layi, ya goge, ya sake ja. Can ya miƙe fuskarsa a washe.

"Na gano. Laifinku ne, kun cika ni da surutu ranar da nake lissafi. Ba ragewa ake yi ba, ƙarawa ake yi. Huɗu da uku bakwai. Kowa ya tafi gida ya sake kaya, a dawo ƙarfe bakwai na garin nan."

"Malam," in ji Maman Babba a hankali, "tunda an kai yanzu, a ɗan ƙara jira mana. Wayar maƙwabciya ta nuna huɗu ta kusa."

"Wannan huɗun ba ta da amfani. Ba wanda ke zuwa a cikinta. Ki wuce mu je, girki ne a gabanki, kin ga dai abin da mutanen nan suka yi wa tukwane."

Aka watse. Mai kujeru ya ce kayansa ba za su kai bakwai ba, wani ya riga ya kama, ya kira a-kori-kura aka fara lodi. Tela ya tsaya kwance ƙyallensa. Abin da ya biyo baya daga bakinsa muka ji, kuma direban a-kori-kurar bai ƙaryata shi ba.

Ruwa ya ɗauke. Ana ɗora kujera ta ƙarshe wata mota ta shigo tasha ta tsaya. Babba ya fito, sai matarsa rungume da jariri cikin bargo, sai wani ɗan tsamurmurin dattijo da mayafi biyu a wuya da ƙaton agogo a hannu. Dattijon ya dubi agogonsa, ya gyaɗa kai don jin daɗi, sannan ya ɗaga ido. Ƙasusuwan kaji a ƙasa, kwalaben lemo a kwance, karnuka biyu na rabon gado, ga agogon bango rataye a sanda ruwa na ɗiga daga cikinsa.

"An yi biki ne a nan?" ya tambaya.

"An yi," in ji tela. "Naku ne. Ya yi kyau ƙwarai, da kun gani."

Tela ya sa mai jego da dattijon a gaban a-kori-kurar, shi da Babba suka hau baya kan kujeru. Lasifikar na nan a cikin lodin, haɗe da batirinta. Motar na fara hawan layinmu tela ya ɗauki makirufo ya yi gyaran murya.

"Ya ku jama'a, yau gabas ta zo yamma."

Ba gidan da ba a fito ba. Wasu da tawul a ka, wasu da takalmi ɗaya. Muka bi motar har ƙofar gidan A-Can, kuma da yake baƙi na gaba, ba wanda ya ga dalilin tsayawa a waje.

Kayan A-Can duka suna kan igiya, kwat ɗin a tsakiya tana zubar da hawaye. Shi kuma yana zaune a tsakar gida kan kujerar tsuguno, ɗaure da zanen Maman Babba har ƙirji, ƙafafunsa cikin baho na ruwan zafi. A cinyarsa akwai zakaran nan da ya rikice, an yanka shi, yana fige shi, don matar ta ce hannu biyu ba za su sake girkin mutum goma kafin bakwai ba. Gashin zakara ya manne masa a goshi da kuma gefen da babu gashin baki.

Maman Babba ta fito daga kicin da ludayi. Ba ta dubi mijinta ba, ba ta dubi jama'a ba. Ta aje ludayin a ƙasa, ta goge hannu a zane, ta karɓi jikanta ta buɗe bargon kaɗan, ta tsaya tana kallonsa. Daga nan har aka gama abin da aka yi, ba na jin ta ji rabinsa.

A-Can ya yunƙura zai tashi, ya tuna da zanen, ya koma ya zauna.

"Surukina, sannu da hanya. Kun... kun riga lokaci."

"Ko kaɗan," in ji dattijon. Ya miƙo hannu ya nuna agogonsa. "Huɗu na ce, huɗu muka shigo. Lokacin garinku ne wannan. Tun ranar da ka baro mu na mai da agogona naku, ban sake taɓa shi ba."

Tela ya matso. "Ranka ya daɗe, namu? Me ya kai ka?"

"Ai shi ya buɗe min ido." Ya nuna A-Can. "Kullum yana zaune a ƙofar gidana yana ba mu labari. Ya ce a can garinsu ba a gaggawa. Ya ce rana a kanmu take gwaji, mu sha ɗanyarta cikin sanyi, sai ta nuna sannan ta isa wurinsu. Ya ce lokacin da muke fita muna rawar ɗari, mutanen can suna cikin bargo kamar sarakuna, shi ya sa suka fi mu tsawon rai. Ya ce sanyin can mai tarbiyya ne. Dankalin can ba ya tsutsa."

"Akuya fa?" in ji mai aski daga baya.

"Ya ce in ta zo ƙofar kanti tsayawa take yi."

Duk muka juya, don akuyar mai aski ta biyo jama'a ta shigo, kanta na cikin kwanon shinkafar da aka wanke.

Babba ya sosa ƙeya. "Can ma Baba A-Can suke ce masa," in ji shi.

Matarsa ta sunkuyar da kai ta yi magana da Maman Babba, amma tsakar gidan ta yi shirun da kowa ya ji. "Babana kuma tun lokacin sai rana ta take yake tashi. Jirgin ƙasan da ya yi wa aiki duk rayuwarsa ya tafi ya bar shi a tasha. Mama ce ta ce mu taho da shi ya ga garin da idonsa, ko Allah zai sa ya warke."

Tela ya gyara tsayuwa ya cire hularsa, don a san tambayar ta hukuma ce.

"Ranka ya daɗe, layin nan na da tambaya ɗaya. Tsakanin lokacin can da na nan, wanne ya fi?"

"Naku mana. Wa zai bar barcin awa uku ya zaɓi sanyi?" Ya ƙura wa A-Can ido. "Surukina, wannan askin fa? Na nan ne?"

"Shi ya ce na can ne," in ji tela.

"Ban taɓa gani ba. Amma in na nan ne, ina so a yi min kafin in koma."

"Ka zo da duhu-duhu," in ji mai aski. "Sai an ɗauke wuta yake fita daidai."

Wannan karon ba wanda ya juya baya. Har jaririn ya farka.

A-Can ya bari ta lafa, ya ɗaga zakaran kamar sandar mulki. "Ni dama gwada ku nake yi. Ina so in ga ko layin nan ya san darajar abin da yake da shi."

"Gama figar, Malam," in ji Maman Babba, idonta na kan jikanta. "A kowane agogo, baƙin nan yunwa suke ji."

Washegari kantin ya buɗe tare da sauran shaguna. A-Can ya fito fuska fayau, an aske ɗaya ɓangaren, cikin tsohuwar rigar sanyinsa, don kwat ba ta bushe ba. Tela na zaune a gurbin dama, hantsi ya lulluɓe shi har gwiwa, ya matsa kaɗan ya ba baƙo rabin rana. Dattijon ya kwance mayafi ɗaya, ya lumshe ido, ya ce lallai abin da aka faɗa masa gaskiya ne.

A-Can ya wuce su ya zauna a ƙarshen hagu, inda katakon ke da sanyi kamar ƙarfe. Ya cusa hannu a hammata. Ya daure, ya daure, abin ya fi ƙarfinsa.

"A can dai, benci..."

"Wane can?" tela da dattijon suka tambaya tare.

Ya ja hanci.

"Yi haƙuri, abokina," in ji tela, yana zura zare a allura. "Hantsin na tafe wurinka. Mun ɗan riga ka ne kawai. Bai fi awa uku ba."